Fasa ƙwai ka karanta: jagorar gyara abinci da lafiyar kajin ƙwai

Sau da yawa mai shayi ne ke riga mai gona sanin cewa akwai matsala a gonarsa. Shi ne ke fasa ƙwai ɗari a rana, shi yake ganin gwaiduwar da ta koɗe, da farin da ke malala kamar ruwa, da ɓawon da ke burmewa tun bai taɓa bakin kofi ba. Ba lallai ya faɗa maka ba, sai dai ka ga ya koma sayen kiret a wurin wani. Masu bincike a jami'o'i da cibiyoyi irin su NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, wadda ta samar da irin kazar nan ShikaBrown, idan suna son sanin ko wani abinci ya karɓi kaji, ƙwan suke aunawa: nauyinsa, kaurin ɓawonsa, tsayin farinsa da launin gwaiduwarsa. Mafi yawan wannan awo kai ma za ka iya yinsa da faranti da ƙaramin sikeli da littafi. Daga abin da ƙwan ya nuna kuma sai ka bi sawu zuwa buhun abinci, ko mazubin ruwa, ko rufin ɗakin kajin.

Mataki na farko: ware ranar fasa ƙwai

Zaɓi rana ɗaya a mako. Ɗebo ƙwai goma daga cikin na safiyar ranar, ba tare da zaɓe ba, daga sassa daban-daban na ɗakin. Auna su tare ka raba goma. Kaza mai jan ƙwai da ta kama ƙasa takan yi ƙwai mai nauyin giram 58 zuwa 65. Sabuwar farawa ba ta kai haka, kuma wannan ba laifi ba ne. Shafa ɓawon da yatsa ka ji ko sumul yake ko yana da kaushi kamar yashi. Sannan ka fasa su ɗaya-ɗaya a kan faranti mai faɗi.

Ƙwai mai kyau, farinsa kashi biyu ne: mai kauri da ya taru ya yi tudu kewaye da gwaiduwa, da mai ruwa-ruwa a gefe. Tsayin wannan tudun shi ne ma'aunin da wani Ba'amurke, Raymond Haugh, ya fito da shi a 1937, kuma har yau da sunansa ake kiran awon. A Amurka ƙwan da ya kai maki 72 zuwa sama shi ke shiga sahun farko. Kai ba ka da na'urar, amma ido ya isa ya bambanta tudu da tafki. Rubuta abin da ka gani, tare da yawan ƙwan da aka kwasa a makon, da waɗanda suka fashe, da buhu nawa aka ci, da kaza nawa ta mutu. Amfanin littafin ba ya fitowa a mako na farko. Sai ranar da abu ya sauya za ka iya waiwayawa ka ce, ai tun makon da na sauya mai kawo mini dusa ne.

Mataki na biyu: san abin da kowace kaza ke ci

Kafin a yi zancen kayan haɗi, a fara da yawa. Kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji ɗari ke nan suna bukatar kusan kilo 11 da rabi, buhu mai kilo 25 kuma zai ciyar da kaji wajen 215 na yini ɗaya. Idan kaji ɗari suna ba ka ƙwai 85, kowane kiret yana cin abinci kusan kilo 4. Riƙe wannan lissafin, domin da shi za ka gane ko buhu mai araha riba ne ko asara. Abincin da ya fi sauƙin kuɗi amma ya mayar da kiret ɗinka yana cin kilo 5 da rabi, yakan fi tsada.

Kada ka auna da kwano. Kwanon dusa da kwanon masara ba nauyinsu ɗaya ba, kuma abincin kamfani ma yakan bambanta daga buhu zuwa buhu.

Mataki na uku: haɗin abincin

Abincin mai ƙwai yana son furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, kalsiyam kusan kashi 4, da gishiri ɗan kaɗan. Ga misalin haɗin kilo 100 ga wanda ke niƙa nasa: masara kilo 57, garin waken suya da aka tatse mansa kilo 23, dusar alkama kilo 8, laimiston (dutse mai kalsiyam) kilo 8 da rabi, garin ƙashi kilo 2 da rabi. Kilo ɗayan da ya rage shi ne gishiri giram 300, firimiks (haɗin bitamin da ma'adinai) na masu ƙwai giram 300, sinadaran gina furotin biyu, wato metiyonin giram 200 da laisin giram 100, da maganin kama dafin funfuna giram 100. Ƙananan kayan nan a fara cuɗa su da ɗan garin masara kamar kilo 5, kafin a zuba cikin babban tulin; in ba haka ba wata kaza za ta ci gishirin goma, tara su rasa. Wannan haɗi mafari ne kawai. Nuna wa masanin abincin dabbobi kayan da kake samu a kasuwarku ya daidaita maka.

Wanda ya fi yawan shan wulaƙanci a jerin nan shi ne metiyonin, saboda ɗan mitsitsi ne kuma da tsada. Amma shi ne ke fara ƙarewa a abincin masara da waken suya, kuma idan ya gaza ƙwai yakan ƙanƙance, kaji su soma fizgar gashin juna. Waken suya kuwa ba a ba kaji shi ɗanye. Yana ɗauke da wani sinadari da ke hana narkewar furotin, wanda zafi ne kaɗai ke kashe shi, don haka sai an soya ko an turara, ba tare da an ƙona ba.

Idan masara ta yi tsada, dawa tana iya maye gurbinta, musamman kaura da farfara. Jar dawa mai ɗaci-ɗacin nan ita ce abin gudu, domin sinadarin tanin da ke cikinta yana rage cin abinci da amfanin furotin. Sai dai ka sani cewa da farar dawa ko farar masara gwaiduwa za ta yi fari-fari, za mu zo kan wannan.

Tunkuza da ƙuli-ƙuli suna da furotin sosai, kuma su ne a kusa da mu. Hatsarinsu funfuna ce. Gyaɗa ko masarar da ta sha danshi takan haifar da wani dafi mai suna afulatoksin, wanda duniya ta fara saninsa a 1960 lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci garin gyaɗa da aka kai daga Birazil. A kazar ƙwai ba kasafai yake kashewa nan take ba. Hanta yake lalatawa a hankali, ƙwai ya ragu, rigakafi ya daina kamawa, kai kuma kana ta sauya magani. Dafawa ba ta kashe shi, shanyawa a rana ma haka. Duk abin da ya dunƙule, ko yake warin rima, ko ya yi kore-kore, kada ya shiga injin niƙa. Ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, kuma da damina kada ka haɗa abincin da ya wuce na mako biyu.

Garin angurya kuma ka bar wa shanu. Sinadarin gosifol da ke cikinsa yana sa gwaiduwa ta yi duhu-duhu da dabbare-dabbare idan ƙwai ya kwana biyu a ajiye, wani sinadarin da ke cikin mansa kuma yakan sa farin ma ya yi ja-ja. Garin kifi yana da kyau amma idan ya yi yawa ƙwai yakan yi ƙarni.

Mataki na huɗu: ɓawo, wanda aikin dare ne

A nan ya kamata a tsaya sosai, domin ƙwan da ya fashe an riga an ci abincinsa, asara ce tsantsa.

Kaza tana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ta kammala ƙwai ɗaya, kuma kusan awa 20 daga ciki a kan ɓawo suke tafiya. Tunda yawancin kaji da safe suke saka ƙwai, ginin ɓawon gobe yana farawa ne da yamma ya ci dare. A kowane ɓawo akwai kalsiyam kusan giram 2, kuma da yake ba duk wanda ta ci jikinta ke ɗauka ba, sai ta ci kusan giram 4 a rana. Yanzu ka duba yadda mutane da yawa ke yi: a cika mazubi da sassafe, kafin la'asar an cinye, kaji su kwana ciki ba komai. Daidai lokacin da take bukatar kalsiyam babu shi a hanjinta, sai ta koma tana zara daga ƙashinta. Allah ya yi mata wani ƙashi na musamman a cikin ɓargo don wannan ajiya, amma ba rijiya ba ce. Idan aka daɗe a haka sai ka ga ɓawo ya yi laushi, sannan ka soma tsintar kaji a zaune a keji sun kasa tashi, ƙafa ta mutu.

Gyaran yana da sauƙi. Raba abincin yini biyu, kashi 40 da safe, kashi 60 bayan la'asar. Sannan laimiston ɗinka kada ya zama gari duka. Kashi biyu cikin uku ya kasance tsaki-tsaki, girman ƙwayar dawa ko ya ɗan fi, wato milimita 2 zuwa 4. Gari yana wucewa da sauri, amma tsakin yakan zauna a ƙundu yana narkewa a hankali cikin dare. Ɓawon kawa da aka farfasa yana yin wannan aiki. Ga mai kaji kaɗan, a ajiye shi a wani kwano daban. Kaza ta san lokacin da take so, za ka ga da yamma suke rububinsa.

Kalsiyam ba ya aiki shi kaɗai. Sai da bitamin D3, wanda ke cikin firimiks, shi ya sa firimiks da ya daɗe a shago cikin zafi yakan jawo laushin ɓawo ko da laimiston ya wadata. Duba ranar ƙarewar aikinsa. Fosfaras kuma ana son sa daidai: ƙarancinsa na raunana ƙashi, yawansa na ɓata ɓawo, don haka tula garin ƙashi ba dabara ba ce.

Abu biyu kuma da ke da alaƙa da shekaru. Kada ka ba 'yan matan kaji abincin masu ƙwai tun suna mako 12 ko 14 don wai su yi saurin farawa. Kalsiyam mai yawa haka yana lalata musu ƙoda. A jira kusan kwana goma zuwa mako biyu kafin ƙwan farko, wajen mako 16 zuwa 17, a ba su abincin share fage mai kalsiyam kashi 2 zuwa 2 da rabi, sai a koma na masu ƙwai idan an fara ganin ƙwai. A ɗaya gefen, kaza tana tsufa ƙwanta na ƙara girma amma kayan ɓawon da take zubawa kusan ɗaya ne, kamar a ce yadi bai ƙaru ba mai riga ya yi ƙiba. Daga mako 45 zuwa sama a ƙara tsakin laimiston kaɗan, kuma a daina neman ƙaton ƙwai.

Mataki na biyar: bazara

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, tana jin daɗi idan ɗaki yana tsakanin 18 da 24, kuma da zarar ya haura 30 sai ta buɗe baki ta soma haki. A Maris da Afrilu, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, inuwa ma takan kai 40. Hakin nan yana fitar da iskar kabon daga jininta fiye da kima, alhali da wannan iskar ce take haɗa kalsiyam ta gina ɓawo. Ga shi kuma cin abinci ya ragu. Shi ya sa fashewar ƙwai ke yawa da bazara ko a gonar da abincinta ba shi da aibi.

Kada ka zuba abinci da tsakar rana, domin narkar da shi ma zafi yake ƙara musu. Ka ba su da asuba, sannan bayan rana ta yi sanyi. Masu wutar sola suna iya kunna fitila na awa ɗaya zuwa biyu da tsakar dare kaji su tashi su ci su sha. An gwada wannan a ƙasashe masu zafi kuma yana taimakon ɓawo. Zuba bakin soda kamar giram 200 a kilo 100 na abinci, ka ɗan rage gishiri, a kuma sa bitamin C a ruwa a ranakun da suka fi tsanani. Wasu sukan ce ai kanwa ma haka take. Ni ba na ba da shawararta, don ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, ba ka san abin da kake aunawa ba.

Ruwa kuwa, kaza tana shan kusan ninki biyu na nauyin abincinta, wato kamar rubu'in lita, da zafi kuma ya kan ninka. Tankin roba baƙi a kan rufi cikin rana shayi yake dafa musu, ba za su sha ba. Yi masa rumfa, a zubar da ruwan da ya kwanta a bututu da rana, mai ƙananan kaji kuma randa ta ishe shi. Ɗanɗana ruwan rijiyar burtsatsenka: binciken da aka yi a Ostireliya ya nuna ruwa mai gishiri-gishiri yana ɓata ɓawo. Shimfiɗa zana ko ciyawa a kan rufin kwano, ka rage cunkoso zuwa kaji biyar ko shida a kowace murabba'in mita.

Mataki na shida: haske

Awa 16 a rana. Hasken rana a ƙasarmu bai wuce awa 13 ba, sai a cika da fitila, rabi kafin asuba rabi bayan magariba. A ƙara shi a hankali daga lokacin da 'yan matan suka kai nauyinsu, kusan kilo ɗaya da rabi ga masu jan ƙwai, kuma kada a taɓa rage shi bayan sun fara. Gaggawar kunna wa ƙaramar kaza haske ita ke kawo fitowar dubura da saran juna.

Mataki na bakwai: launin gwaiduwa

Masu saye suna son gwaiduwa ja-ja kamar ta kazar gida, suna ganin ta fi gina jiki. Gaskiyar ita ce launin daga abin da kaza ta ci yake zuwa, jar masara da ganye, kuma ƙwai mai farar gwaiduwa furotin ɗinsa bai gaza na ɗayan ba. Haka ma launin ɓawo, jinsin kaza ne kawai. Amma kasuwa ba ta jayayya, kuma gyaran ba tsada. Busar da ganyen zogale a inuwa, ka daka, ka sa kilo 2 zuwa 3 a kilo 100. Fiye da haka sosai yakan sa su rage ci. Kada ka sa ran ganin sauyi washegari, domin gwaiduwa takan ɗauki kusan kwana goma tana taruwa a cikin kaza. Kamfanoni suna auna launin da wani mafifici mai launuka da lambobi. Kai ɗauki hoto a waya duk mako a wuri ɗaya, a faranti ɗaya.

Mataki na takwas: idan ba abinci ba ne

Matsalar abinci a hankali take zuwa. Idan ƙwai ya faɗi cikin kwana biyu ko uku, fara da duba ruwa da fitila, in lafiyarsu ƙalau to ka yi zargin cuta.

Cutar Niyukasil, wadda ta fi ɓarna da hunturu, tana zuwa da koren zawo, wahalar numfashi, murɗewar wuya, da ƙwai mai laushi ko marar ɓawo. Cutar mashaƙon kaji kuma sa hannunta a fili yake: ɓawo ya yamutse ya yi tamoji, jan ƙwai ya koɗe, fari ya zama ruwa tsululu ko da ƙwan na yau ne. Akwai kuma cutar faɗuwar ƙwai da aka fara ganowa a Holan a 1976, inda kaji ke cin abinci garau amma suna zubo ƙwai marar ɓawo. Dukansu ƙwayoyin bairos ne, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa su. Rigakafi ne kawai. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin rigakafin Niyukasil, har da Lasota da ake maimaitawa a ruwan sha. Ɗauko shi cikin ƙanƙara, a hana kaji ruwa na kamar awa biyu, a haɗa da ruwan da ba kulorin, su shanye cikin awa biyu da sanyin safiya. Idan kuwa kaji suna faɗuwa da yawa farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kada ka yanka ka kai kasuwa. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006 kuma tana dawowa. Rufe gonar ka kira likitan dabbobi na gwamnati.

Ƙananan ɓarayi ma suna rage kiret: tsutsar ciki ga kajin ƙasa, da ƙwarƙwata, da ƙumar da ke fitowa da dare. Shiga ɗakin da tocila bayan isha, ka ɗaga fiffike ka duba ƙarƙashin wutsiya. Kazar da ta yi ƙiba ta mutu kwatsam kuma aka tarar hantarta ta yi rawaya ta fashe, masara ce ta yi yawa a abincin.

A kan magani, abu ɗaya ake yawan take wa. Tunda gwaiduwa kwana goma take ginuwa, maganin da ka ba kaza yau zai ci gaba da fitowa a ƙwanta bayan ka daina. Karanta takardar maganin: wasu an hana ba masu ƙwai su gaba ɗaya, wasu suna da kwanakin da ba a sayar da ƙwan. Abincin kajin nama ma kada ya kuskura ya shiga mazubinsu, domin wani yana ɗauke da wani magani mai suna nikabazin, wanda ke mayar da jan ɓawo fari fat cikin 'yan kwanaki.

Duk wata ka bi kajin ka tsame waɗanda suka daina aiki. Mai yin ƙwai zankonta ja ne mai taushi, duburarta da danshi, kuma yatsu biyu zuwa uku suna shiga tsakanin ƙasusuwan da ke gefenta. Wadda zankonta ya bushe, yatsa ɗaya ke shiga da ƙyar, ci kawai take yi. Sabo da kaza ba ya hana yanka.

Mataki na tara: daga ƙarƙashin kaza zuwa kiret

Ingancin ƙwai yana kan ƙololuwarsa ne a lokacin da aka saka shi, daga nan sai raguwa, kuma zafi ne ke hanzarta ta. Kwashe sau uku a rana, da bazara har huɗu. Tanadi gurbi ɗaya ga kowace kaza biyar, da busasshen ɓuntun shinkafa a ciki, don ƙwai ya fito da tsabta tun farko. Ɓawo yana da dubban ƙananan ƙofofi da wata siririyar fata ta rufe. Wanki da ruwan sanyi yana cire fatar ya kuma zuƙo ƙazanta ciki, don haka a kankare datti da busasshen tsumma, mai datti sosai kuma a ware shi don amfanin gida a ranar. Jera su a kiret tsinin yana ƙasa, a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi, nesa da kananzir da albasa domin ƙwai yana ɗaukar wari. Rubuta ranar kwasa a jikin kowane kiret da alli, na farkon shiga ya zama na farkon fita, kuma da bazara kada ya wuce mako ɗaya a hannunka. Idan dillali ya dawo yana cewa ƙwanka ruwa ne, fasa na safiyar ranar a gabansa, ka sa ya fasa nasa: in naka ya yi tudu nasa ya malale, to a shagonsa ko a bayan motarsa ƙwan ya tsufa.